Gyaran Hanya da Shan Mai: Amsoshin Tambayoyin da Direbobi da Masu Motoci Suka Fi Yi a Arewacin Kamaru

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga hirarrakin da ake yawan yi a tashoshin mota da garejin makanikai na Garwa da Marwa da Ngaundare, da kuma Kusiri, inda direbobin manyan motoci kan kwana suna jiran a sallame su su haye Njamena. Kusan duk wanda abincinsa ke kan hanya, daga mai tirela har ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya taɓa yin ɗaya daga cikinsu, domin mai ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kowace tafiya. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi. Inda aka kawo lissafi, ƙiyasi ne na injiniya wanda kowane direba zai iya gwadawa a kan motarsa.

Me ya haɗa gyaran hanya da makamashi tun farko?

Man da aka zuba a tanki ba duka ne ke tura mota ba. Injin fetur yakan mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka zuwa ƙarfin tafiya, injin gazuwal na babbar mota kuma yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari, saura duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Wannan ɗan ƙarfin tafiyar shi ake rabawa gida huɗu: murza taya a kan ƙasa, keta iska, hawan tudu, da kuma tayar da mota daga tsaye ko daga tafiyar hawainiya zuwa cikakken gudu.

Hanya tana da hannu a cikin dukkan huɗun. Fuskarta ce ke nuna wahalar da taya za ta sha, miƙewarta da faɗinta su ke sa direba ya taka totur ko ya sassauta, yadda aka yanka ta a jikin dutse shi ke nuna tsananin hawa, yawan ramuka da shingaye da mahaɗun da ke kanta kuma shi ke ƙidaya sau nawa za a taka birki. Saboda haka duk wanda ya zana hanya ko ya gyara ta, ya riga ya yanke wani ɓangare na man da dubban motoci za su sha a kanta shekara da shekaru.

Da gaske hanya mai ramuka tana ƙara shan mai, ko dai taya da sifirin kawai take ci?

Tana cin duka biyun, sai dai ɓarnar taya da sifirin ana ganinta da ido, ta mai kuwa a hankali take zurarewa. Ƙarfin da ake buƙata a murza taya a kan hanyar burji yakan kai kusan ninki biyu na wanda ake buƙata a kan kwalta mai laushi, a cikin rairayi mai zurfi kuwa yana iya haura ninki goma. Gargada ma tana da nata rabon: kowane tsalle da mota ta yi, ƙarfin injin ne ya ɗaga ta, sannan ya narke ya zama zafi a cikin shokazoba. Wanda ya taɓa dafa shokazoba bayan tafiyar awa biyu a gargada ya san da zafin nan, kuma man da aka saya da kuɗi ne ya zama shi. Wannan ne ya sa Bankin Duniya ya fito da ma'aunin gargadar hanya na bai-ɗaya a shekarun 1980, wanda har yau ake amfani da shi wajen ƙiyasta kuɗin tafiyar da mota kafin a amince da aikin hanya.

Akwai kuma ƙura. A lokacin hunturu, idan makaniki ya zare matatar iskar babur ɗin da ke bin hanyoyin ƙauye ya buga ta a jikin benci, jar ƙasa ce ke zubowa kamar an zazzage buhun gari. Inji mai kafireta, irin na yawancin baburanmu da tsofaffin motoci, idan iska ta yi masa ƙaranci sai ya riƙa jan mai fiye da kima, hayaƙi ya yi baƙi, filogi ya yi kunkunniya. Amma mafi girman asarar da ramuka ke jawowa tana wajen rage gudu da sake tashi, kuma an yi bayaninta a amsar da ke biye.

Me ya sa ake cewa birki shi ne babban mai shan mai?

Domin duk lokacin da aka taka birki, ana zubar da ƙarfin da aka riga aka biya kuɗinsa. Tirela mai nauyin tan 40 da ke tafiya a kan kilomita 70 a awa ta sha kusan rabin lita na gazuwal kafin ta kai wannan gudu daga tsaye, ban da abin da take sha na tafiyar kanta. Idan ta tsaya cak, rabin litar nan ta tafi a zafin birki, kuma sai an sake ƙona wata kafin a koma yadda ake. Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba sai an tsaya cak ba: saukowa daga 70 zuwa 20 don a lallaɓa a wuce rami yana zubar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan ƙarfi, saboda ƙarfin da ke tattare da gudu yana hauhawa ne da ninkin gudun a kan kansa.

A ɗauka direba ya yi irin wannan saukowa sau 60 tsakanin Mora da Kusiri, tazarar da ta kai kusan kilomita 205, kuma duk wanda ya bi ta a shekarun da ta lalace ya san 60 kaɗan ne. Wannan lita 30 ke nan a kan abin da ya kamata motar ta sha, wato kusan sefa dubu 25 a farashin 828 da aka sa wa litar gazuwal a watan Fabrairun 2024. Kuɗin nan ba ya komawa aljihun kowa, ba na maigida ba, ba na direba ba, ba na gwamnati ba.

A ganin mai wannan rubutu, nan ne zuciyar maganar gaba ɗaya take. Hanyar da ta fi tanadin mai ita ce wadda mota za ta kama giya ɗaya ta daɗe a cikinta. Rami, da shingen bincike, da tudun rage gudu da aka dasa ba bisa ƙa'ida ba, da kasuwar da ta malalo kan titi, duk aiki ɗaya suke yi wa tanki. Shingen da ke da dalilin tsaro yana da hujjarsa, musamman a yankin Waza da Dabanga, amma kowane shinge da aka ƙara ba tare da buƙata ba yana rage wani abu daga ribar da kwaltar ta kawo.

Idan mota tana tsaye inji na aiki, nawa take sha?

Babbar mota takan sha lita biyu zuwa uku a awa, ƙaramar mota kuma ƙasa da lita ɗaya, sai idan an kunna na'urar sanyaya iska. A layin da kan taru kafin gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri da Njamena a kan kogin Logon, za ka ga direba ya ƙi kashe inji saboda layin yana matsawa taku kaɗan-kaɗan, ko saboda batirinsa ba shi da ƙarfi, ko don kada iskar birki ta sauka. Awa biyar a haka ta ci lita goma zuwa goma sha biyar ba tare da an yi kilomita ɗaya ba. Don haka saurin sallamar takardu a duwan, wato ofishin kwastan, da filin ajiye motoci inda direba zai kashe inji ya zauna har a kira shi, gyaran hanya ne su ma, ko da ba a zuba tsakuwa ko cokali ɗaya ba.

Sabuwar kwalta ta sa muna gudu. Gudu yana rage mai ne ko yana ƙarawa?

Ya danganta da inda aka fito da inda aka kai. Tashi daga tafiyar kilomita 20 a giya ta biyu zuwa 60 ko 70 a babbar giya yana rage shan mai sosai, domin inji yana aiki a inda ya fi jin daɗi. Ga yawancin motoci, tanadi mafi kyau yana tsakanin kilomita 50 da 80 a awa. Daga nan sai iska ta karɓi ragama: turjiyarta a kan 110 ta kusa ninka wadda ake samu a kan 80. Mota mai lodi a saman rufi, irin bas ɗin da aka ɗora wa buhunan albasa da babur da katifu, ta fi kowa jin wannan, saboda faɗin gabanta ya ƙaru.

Amurka ta taɓa amfani da wannan ilimi a matsayin doka: bayan matsalar man fetur ta 1973, ta ƙayyade gudu a faɗin ƙasar a kan mil 55 a awa, kusan kilomita 90, a shekarar 1974. Direban da ya samu sabuwar hanya ya mayar da ita filin tsere yana iya ƙona duk abin da gyaran ya tanadar masa, ga kuma haɗarin rayuka wanda ya fi mai tsada nesa ba kusa ba.

To hawan dutsen Ngaundare fa? Gyara zai iya rage man da ake sha a wurin?

Wani ɓangare kawai. Ngaundare tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,100, Garwa kuma tana kwarin Binuwai, ƙasa da ita da kusan mita 900. Ɗaga tan 40 zuwa wannan tsawo yana cin fiye da lita 20 na gazuwal, kuma babu injiniyan da zai iya soke wannan bashi. Abin da gyara ke iyawa shi ne sassauta kwanoni, da rage tsinin hawa, da ƙara layin da manyan motoci za su riƙa rarrafawa a kai don kada su tare ƙanana, da kuma kawar da ramukan da ke kashe wa mota ƙarfinta a tsakiyar hawa. Tirelar da ta tsaya a tsakiyar tudu ta sake tashi a giya ta ɗaya tana shan mai, tana cin kuloci, wani lokaci ma yaron mota na biye da ita da katakon waigi a hannu. A gangara kuwa, sakin mota ba giya don tanadin mai ganganci ne: injin zamani yakan yanke mai da kansa idan ana gangarawa cikin giya ba a taka totur ba, kuma shi ne ke taimaka wa birki kada ya ƙone.

Idan na ƙara lodi, ai na rage yawan tafiye-tafiye. Wannan ba tanadin mai ba ne?

A lissafin tafiya ɗaya, mai wannan magana yana da gaskiya: mota cike ta fi mota rabi tanadi a kan kowane tan, kuma motar da ta dawo wayam daga Njamena asara ce babba. Matsalar tana farawa ne idan aka haura abin da aka gina hanyar ta ɗauka. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da gatarin mota ke yi wa kwalta tana hauhawa fiye da yadda hankali zai zata: idan aka ninka nauyin da ke kan gatari sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Dokar Kamaru ta sa iyakar tan 13 a kan gatari guda da tan 50 ga mota gaba ɗaya. Wanda ya ɗora tan 16 a inda aka ce 13 ya ƙara tan uku ne kacal a idonsa, amma ya ninka ɓarnar fiye da sau biyu.

Sakamakon shi ne kwalta ta lotsa ta yi kwari biyu a sawun taya, ruwa ya kwanta, rami ya buɗe, sannan kowa ya koma biyan harajin birki da aka yi bayani a sama, har da shi mai lodin. Ma'aunin nauyi da ke kan hanya, da shingen damina da ke hana manyan motoci bin hanyar ƙasa har sai ta tsane, ba a ƙaunarsu a tasha, amma suna cikin abubuwan da suka fi kare man kowa, muddin ana aiki da su da gaskiya ba tare da an bar wani ya wuce ta bayan fage ba.

Idan an gyara hanya, man da gari ko ƙasa ke sha gaba ɗaya zai ragu ke nan?

Sau da yawa ba ya raguwa, kuma ya kamata a faɗi wannan ƙarara. Abin da ke raguwa shi ne man kowace tafiya. Amma da zarar tafiya ta yi sauƙi ta yi araha, sai masu yin ta su ƙaru: ɗan kasuwar da ke zuwa Marwa sau ɗaya a mako ya koma sau uku, manomin da albasarsa ke ruɓewa a gona ya samu motar da za ta kai ta kudu, matashi ya ci bashi ya sayi babur. Masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura da irin wannan tun 1865 a kan gawayin kwal: da injuna suka ƙware wajen tanadinsa, sai amfani da shi ya ƙaru. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya a 2008 har ta kai layi fiye da 20 a wasu wurare, cikin 'yan shekaru kuma cunkoson ya dawo.

Sai dai a yankinmu ba daidai ba ne a ɗauki wannan ƙari a matsayin ɓarna. Man da aka ƙona aka kai mai naƙuda asibiti cikin awa ɗaya, ko aka fitar da auduga da dawa da shanu zuwa kasuwa, ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Ma'aunin da ya dace shi ne yawan man da aka ƙona a kan kowane buhu ko kowane fasinja da ya isa inda za shi, kuma a wannan ma'auni hanya mai kyau tana cin nasara kusan kullum. Inda ya kamata a yi hattara shi ne cikin gari, kamar yadda amsoshi biyu na gaba suka nuna.

A cikin gari, wanne ya fi: shataletale, ko danja, ko faɗaɗa titi?

Inda motoci ba su yi yawa ainun ba, shataletale ya fi tanadi, domin yawanci ana rage gudu ne a wuce ba tare da an tsaya ba, kuma ba ya buƙatar lantarki, abin da ke da muhimmanci a garuruwan da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan mahaɗa ta cika ƙwarai, ko ɓangare ɗaya ya rinjayi sauran, danja mai kyakkyawan saiti ta fi, musamman idan an jera danjojin titi ɗaya yadda wanda ya samu kore a ta farko zai same shi a ta biyu. Danjar da ke tsayar da mutane da tsakar dare a titin da babu kowa mai kawai take ƙonawa.

Faɗaɗa titi shi ne ya fi tsada kuma shi ne amfaninsa ya fi saurin gushewa. A bakin manyan kasuwanninmu, abin da ke haddasa cunkoso sau da yawa shi ne motar da ke sauke kaya a kan titi, da masu tebur da suka ci rabin hanya, da 'yan kilando da ba su da wurin tsayawa. Wurin sauke kaya, da gefen titi na masu tafiya a ƙasa mai inuwar dalbejiya irin wadda Marwa ta shahara da ita, da hanyar zagaye da za ta ɗauke manyan motoci daga tsakiyar gari, sun fi ƙarin layi aiki. Tudun rage gudu kuwa wajibi ne a gaban makaranta da asibiti da kasuwa, ko da yana cin mai. Abin da ake nema shi ne a yi shi da faɗi da alama, yadda za a hau shi a kan gudu kaɗan ba sai an tsaya ba.

Babur ai shi ya fi komai tanadi. Me ya sa ake maganar bas?

A kan kowace mota haka ne, amma a kan kowane fasinja lissafin yana juyawa. Ƙaramin babur yakan sha lita biyu zuwa uku a kilomita 100, ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu, kuma wani ɓangare na yininsa yana tafiya ne a yawon neman fasinja. Ƙaramar bas mai mutum 18 da ke shan kusan lita 12 ta raba wa kowane fasinja ƙasa da lita ɗaya, babbar bas cike kuma ƙasa da rabin lita. Wannan ne ya sa birane kamar Legas tun 2008, da Dakar mai bas na lantarki tun 2024, suka ware wa bas layinsu na kansu. Garuruwanmu ba su kai girman waɗannan ba, kuma kilando na shiga lungunan da bas ba za ta shiga ba, yana kuma ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa. Abin da ya dace da mu shi ne bas a kan dogayen titunan da jama'a ke bi safe da yamma, babur kuma ya ɗauka daga tasha zuwa ƙofar gida.

Gada ko sabuwar hanya da ke rage nisa fa?

Wannan shi ne tanadin da ba shi da gardama, domin kilomitar da ba a yi ba ba ta shan ko ɗigo. Hanyar Ngaundare zuwa Tuboro zuwa Mundu ta ba kayan kudancin Cadi mafita ba sai sun zagaya ta arewa mai nisa ba, gadar da aka buɗe a 2025 tsakanin Yagwa da Bongor kuma ta ƙara mashiga ta biyu tsakanin Kamaru da Cadi a kan Logon bayan ta Ngeli. Akasin haka mutanen Marwa sun gan shi a daminar 2020, lokacin da gadar Palar ta rufta a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya: motoci suka koma bin ratse, suna jira idan ruwan mayo, wato rafi, ya taso, suna tafiya a ƙananan giyoyi. Kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye yana iya jawo asarar man da ta fi kuɗin gina shi.

Shi kansa aikin ginin hanya ba ya cin makamashi?

Yana ci, kuma ba kaɗan ba. Ana dafa kwalta da tsakuwa a zafin da ya kai digiri 150 zuwa 180, siminti irin wanda ake yi a Figil yana fitowa ne daga tanda mai zafin kusan digiri 1,450, ga fasa dutse, ga tifofin da ke jigilar marmara da tsakuwa, ga ita kwaltar da ake shigowa da ita ta teku sannan a hauro da ita arewa. A hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana, kamar zangon Duwala zuwa Njamena mai kusan kilomita 1,800, man da motoci ke ƙonawa a tsawon rayuwar hanyar ya ninka na ginin sau da yawa, don haka gyara yana biyan kansa. A hanyar ƙauye mai motoci ƙalilan a yini, burji mai kyau da aka yi wa doro a tsakiya da magudanan ruwa a gefe yana iya fin kwalta dacewa.

Abin da ya fi komai araha shi ne kulawa a kan lokaci. Toshe tsagar kwalta kafin damina, da yashe lambatu, da cike rami tun yana kamar faranti, ba sa buƙatar ko kusa da abin da sake gini ke ci. Wannan ya fi tsanani a filayen baƙar laka na kusa da Waza da kwarin Logon, inda ƙasa ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta motsa duk abin da aka shimfiɗa a kanta. Aikin hanyar Mora zuwa Kusiri ya tsaya bayan harin da aka kai wa ma'aikatan Sin a Waza a watan Mayun 2014, kuma kowace damina da ta wuce bayan haka ta ƙara yawan abin da za a sake ginawa daga tushe. Sefa 500 da ake biya a shingen kuɗin hanya, direbobi na da haƙƙin su ga alamarta a irin wannan ƙaramin gyara.

Ina matsayin jirgin ƙasa a wannan lissafi?

Ƙarfe a kan ƙarfe ya fi roba a kan kwalta sauƙin murzawa, shi ya sa jirgin ƙasa ke kai tan ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na man da babbar mota za ta sha. Layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, kuma a nan ya tsaya har yau, saboda haka duk kayan Garwa da Marwa da Cadi da suka zo ta jirgi sai an sauke su an ɗora wa mota. Duk kwantenar da ta yi rabin farko na tafiyarta a kan dogo ta rage mai, ta kuma ɗauke wa kwalta nauyin da aka yi bayaninsa a amsar da ta shafi lodi.

Gyaran hanya zai sa farashin mai ya sauko?

Ba kai tsaye ba. Gwamnati ce ke ƙayyade farashin gidan mai a Kamaru, kuma tun gobarar matatar Limbe a watan Mayun 2019 ƙasar ta dogara ga tataccen man da ake shigowa da shi, don haka kasuwar duniya da tallafin gwamnati su ne ke da rinjaye. An ɗaga litar fetur zuwa sefa 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Shi kuma man zuwa-zuwa, wanda ake jerawa a kwalabe a bakin titi ana zubawa da mazurari, yana bin farashin Najeriya ne, shi ya sa ya yi tsalle bayan cire tallafi a can a ƙarshen Mayun 2023. Abin da hanya mai kyau ke yi shi ne sa tankokin mai su iso a kan lokaci, ƙarancin mai ya ragu, sannan kuɗin dakon kaya ya sauko, idan akwai gasa tsakanin masu motoci.

Fitilun titi da baburan lantarki suna cikin wannan magana?

Suna ciki. Fitilar zamani mai farin haske tana cin kusan rabin wutar tsohuwar mai ruwan ɗorawa, mai aiki da hasken rana kuma ba ta taɓa layin wuta sam, sai dai tana buƙatar a riƙa goge ƙurar faifanta a kuma sauya batirinta idan ya gaji. Babur na lantarki ya fi na fetur iya sarrafa makamashi nesa, wasu ma suna mayar da ɗan ƙarfin birki cikin batir. Cikas ɗinsa a wurinmu shi ne wutar caji: arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda ke rauni idan ruwa ya ja baya, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. Babur ɗin da aka yi wa caji da janareta mai gazuwal ya rasa yawancin fifikonsa.

Ta yaya zan auna da kaina ko gyaran ya rage mini shan mai?

Sandar da ake tsomawa a tanki tana nuna ko mai zai kai ka, amma ba ta isa awo ba, saboda tanki ba shi da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa kuma mota ba kullum take tsaye a daidai ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa har baki a famfo ɗaya idan zai yiwu, sannan a raba litocin da aka ƙara da kilomitocin da aka yi, a ninka da 100. Wanda agogon kilomitarsa ya mutu yana iya amfani da sanannen nisa, kamar kusan kilomita 275 da ke tsakanin Ngaundare da Garwa, ko ya bar wayarsa ta ƙidaya masa.

Tafiya ɗaya ba ta isa hukunci ba. A yi aƙalla biyar, a haɗa zuwa da dawowa saboda bambancin hawa da gangara, a kuma rubuta nauyin lodi, da iskar taya kafin tashi, da awannin da aka yi a tsaye inji na aiki, da inda aka sayi man, domin man da aka gauraya da kananzir yana ɓata lissafi. Maigidan da ke da motoci biyu ko uku zai fi ganin bambanci idan ya raba litocin da yawan tan ɗin da aka ɗauka. Littafi ƙarami a aljihun ƙofar mota ya wadatar, shafi ɗaya ga kowace tafiya, direba ya rubuta, yaron mota ya shaida, a kawo wa maigida tare da rasidin gidan mai.